Akushin Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son a kira ni sai ta ce, “Ku kira min wancan.” In na durƙusa a bakin ƙofarta da safe na gaishe ta, takan amsa ne fuskarta na kallon bango. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a Anka ya san kunyar ɗan fari, haka ta tarar uwarta na yi. Ƙannena kan shiga ɗakinta su miƙe ƙafa su yi hira, har su yi mata gardama. Ni iyakata bakin ƙofa.

Abu ɗaya ne yake fitowa daga hannunta ya zo wurina, shi ne akushi. Tun ina saurayi har na yi aure na haihu, kullum da yamma sai ta tuƙa tuwon dawa a 'yar tukunyarta daban da na gida, ta zuba miya, ta kwarara man shanu, sannan ta ce wa duk wanda yake kusa, “Ga saura nan, a kai wa mutanen can kada ya lalace.” Ba saura ba ne, kuma kowa ya san ko su wa ake nufi da mutanen can. Da safe akushin yakan koma mata a wanke, ba ko loma. Ita ba ta tambayar lafiyata, ni ba na ce mata na gode. Akushin ne yake zuwa a cike ya koma wayam, hirarmu ke nan ta shekaru.

A lokacin ni ƙato ne. Sana'ata sayen wake da dawa a kasuwannin Bukkuyum da Gummi, in kawo Anka ko in tura Gusau. Duk kasuwar da na sauka mahauta sun san ni, masu fura sun san ni. Mutane suna ganin ƙibar nan a matsayin rufin asiri, ni ma haka na ɗauke ta, ko da yake zaman tahiya ya fara gagarata, in na hau lori kuwa sai direba ya ce a matsa a ba ni wurin mutum biyu. Ga kuma wani ciwo da yake cin ƙirjina kamar an zuba barkono, ina danne shi da kanwa ina ci gaba da ci.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in, muna cikin jihar Sakkwato tukuna, wata rana a kan hanyar dawowa daga Gummi na yi aman jini a cikin mota. Aka kai ni Gusau, daga can aka wuce da ni babban asibiti a Zariya. Likita ya ce abu biyu ne suke neman raina: gyambon ciki da ya fashe, da kitsen da ya danne mini zuciya. Aka yi mini tiyata, aka yanke babban ɓangare na tumbina aka ɗinke sauran. Inna ba ta zo ba, ba kuma wanda ya sa ran ɗan fari zai ga uwarsa a gefen gadonsa. Ta dai aiko da dakakken yaji da kwalbar man shanu, ta ce a kai wa masu jinya.

Mai jinyar ita ce matata. Bafillatana ce daga wajen Gwashi, ɗiyar wani malami mai shanu. Siririya ce a lokacin, doguwa, in tana tafiya ba ka jin takunta. Ba ta da yawan magana, kuma an tarbiyyantar da ita a kan cewa kukan yunwa ko na gajiya abin kunya ne. Ranar da za a sallame ni likita ya sa aka kira ta ta tsaya kusa da ni, malamin asibiti yana fassara. Ya ɗaga wani ɗan kofi ya ce cikina yanzu bai wuce wannan ba. In ci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, in tauna sosai, in fara da wake ko ƙwai ko nama marar kitse kafin tuwo. Kada in sha ruwa a kan abinci sai ya faɗa. In guji sukari da maiƙo. In riƙa tafiya da ƙafa kullum har sai gumi ya karyo. Sannan ya faɗi abin da na fi saurin mantawa: ya ce ba shekarar farko ce abin tsoro ba, don a lokacin ciki da kansa zai hana ni. Abin tsoro shi ne can gaba, domin ciki kamar salkar ruwa yake, in ana ɗura masa yana buɗewa, ƙibar kuma ta san hanyar gida.

Ni ina ta gyaɗa kai don a sake ni. Ita ce ta saurara. Kafin mu bar Zariya ta shiga kasuwa ta sayo wani ɗan ƙoƙo daidai girman kofin nan, ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Ranar da muka dawo Anka, da magariba sai ga akushi. Inna ta yanka zakara. Na buɗe, man shanu yana yawo a kan miya, na san kuma abin da wannan tuwo yake faɗa, duk abin da ba ta iya faɗa ba tun da aka ɗauke ni. Na wanke hannu na fara. Ban kai kashi ɗaya cikin huɗu ba gumi ya keto mini, zuciyata ta riƙa bugawa kamar ana sussuka, ɗakin ya juya. Na dawo da duk abin da na ci, ɗinkin yana ja kamar zai ɓalle. Matata ta gyara wurin. Da na dawo hayyacina muka zauna muna kallon akushin, shi ma kamar yana kallonmu.

Na ce mata ba zai yiwu ya koma haka ba. Ta ce ta sani. Na ce ba zan iya zuwa in tsaya gaban Inna in yi mata bayanin cikina ba, ban taɓa haɗa jimla uku da ita ba. Ta ce wannan ma ta sani. Sai ta ɗiba mini 'yar tsoka da loma biyu a ƙoƙon nan ta ajiye gefe don an jima, ta jawo akushin bayan ƙyaure, ta juya mini baya ta fara ci. Ta riga ta ci nata tuwon a tsakar gida tare da matan ƙannena. A hankali take ci, tana tsayawa tana numfasawa, har ta suɗe shi. Na ce Allah ya yi mata albarka. A raina na ɗauka abin na kwana biyu ne, kafin in samu yadda zan aika wa Inna magana ta bakin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ita ce takan ɗauki saƙo tsakaninmu.

Ban aika ba. Kullum sai in ce gobe.

Mai karatu zai ce ai da sai a ba yara, ko a yi sadaka, ko a zuba wa awaki. Duk mun duba. Yaranmu a ɗakin Inna suke yini, kuma bakin yaro ba ya riƙe magana. Sadaka a ƙofar gida ake miƙa ta, ƙofar ɗakin Inna kuwa tana kallon hanyar zaure. Awaki a tsakar gida suke ɗaure, kuma ko ba mai gani, matata ta ce ba za ta zuba wa dabba abin da uwa ta tuƙa wa ɗanta ba. Ta gwada rage nata cin a tsakar gida, nan take matan gida suka fara tambaya ko ciki ne da ita, ko fushi take da wani. Sai ta koma ci sau biyu.

Ni kuwa na riƙe dokar likita, ko in ce ta riƙe mini. Da safe dafaffen ƙwai ko ɗan wake, da hantsi nono ba sukari, da rana kwaɗon zogale da ɗan ƙuli, komai a ƙoƙon nan. Bayan asuba in ɗauki sanda in yi hanyar gonarmu da ƙafa, in dawo rigata a jiƙe. Nama ya riƙa zubewa daga jikina. Rigunana suka zama kamar na aro. Na koma ina zaman tahiya ba tare da na dafa ƙasa ba, na daina munshari, ina hawa bayan lori da kaina. Ban taɓa jin daɗin jikina irin na shekarun nan ba.

Amma Inna tana gani daga nesa. Akushi yana dawowa wayam, ɗa kuwa yana ramewa. Me uwa za ta yi? Sai ta canja akushin da wanda ya fi shi girma. Ta ƙara man shanu. Ta fara aikawa mahauta su kawo mata kitsen tozo. Daga baya ta ƙara da furar gero da zuma da rana, ita ma “saura” ce. Duk ƙarin da ta yi, a bayan ƙyauren nan yake ƙarewa.

Ban san ranar da na fara lura ba, don abin da kake gani kullum ba ka ganin canjinsa. Warwaron hannun matata ne ya fara matse ta har sai da aka kai wa maƙeri ya yanke. Sai wuyanta ya cika. Sai na fara jin takunta a tsakar gida, ita da ba a jin tafiyarta. In ta yi daka sai ta jingina da taɓarya tana haki. Mace ce da ta tashi a kan nono da fura da bin shanu a daji, ga ta yanzu a cikin gida ba ta fita, tana cin tuwon ƙato a kan nata, shekara da shekaru. Ba ta taɓa ce mini ta gaji ba. Ni kuma ban tambaya ba, domin na san in na tambaya za ta faɗi gaskiya, in ta faɗa kuwa dole in je bakin ƙofar Inna.

Gari ya fara magana. Miji yana bushewa kamar kara, mata tana cika kamar tulu. Wasu suka ce tana hana ni abinci. Wasu suka ce abin ya wuce nan, ɗiyar malami ce, an rubuta mata wani abu ta shanye ni. Wata rana a kasuwar Bukkuyum, muna zaune a rumfar masu awo, wani taubashina ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai wanga, mi ke faruwa gidanka? Ita tana cika kai kana zubewa, ko bututu kunka sa tsakaninku?”

Rumfa ta ɗauki dariya. A nan ne ya kamata in ce likita ne ya sa mini doka, ita kuma rufa mini asiri take yi. Amma namiji ya faɗa a bainar jama'a cewa an yanke masa ciki, da ƙoƙon yara ake auna masa abinci? Sai na yi dariya tare da su na ce, “Ka manta ɗiyar Fulani ce? Ta saba da tatsa.”

Dariyar ta fi ta farko. Na ji daɗin yadda maganar ta faɗa, har na maimaita ta a Gummi. Ban yi tunanin magana tana da ƙafa ba. Ta bi lori ta dawo Anka, ta shiga gidajen suna da na biki, ta isa ɗakin Inna a matsayin shaida: ai shi da bakinsa ya faɗa.

A cikin shekarun tamanin kasuwa ta yi mini kyau na sayi babur. Tun daga ranar tafiyar gona da ƙafa ta fara raguwa. Mai babur ya taka da ƙafa, sai a ce ya karye ya sayar. Daga nan har masallacin Juma'a a kansa nake zuwa. Sai kuma na gano abin da likita ya faɗa gaskiya ne, ciki yana buɗewa. Na fara da lemon kwalba a kasuwa, don shi ba ya tsayawa a wuya. Sai fura da sukari, ina kurɓa kaɗan-kaɗan tun hantsi har azahar. Sai tsire tsinke ɗaya, sai biyu. A Gummi akwai wata rumfa kusa da tashar mota da ake soya kifin gulbi, nan na mayar wurin zamana. In na ci ya yi yawa gumin nan ya taso, sai in kwanta a kan buhunan wake har ya wuce, in tashi in wanke baki in goge hannu da toka. In na dawo gida matata ta miƙo mini ƙoƙona, in taɓa kaɗan in ce na ƙoshi, ta ji daɗi wai ina kiyayewa. Sannan ta jawo akushin Inna bayan ƙyaure.

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai har yau. A shekarun farko ba ni da iko, tana ci ne don kada in mutu. A shekarun baya kuwa tana ci ne don kare dokar da ni na riga na karya a kasuwa. Ina zaune cikina cike da kifi, ina kallon bayanta tana tura loma da ƙyar.

Mai wanki ba a ɓoye masa. Ta ga maiƙo a aljihun riga, ta ga zariyar wando ta fara ƙarewa a ƙulli. Ba ta yi magana ba sai wata ranar kasuwar Gummi a farkon damina. Na dawo da la'asar, na cire riga, sai ƙayar kifi ta faɗo daga naɗin hannun rigar. Ta ɗauka ta duba ta ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Da magariba akushi ya zo. Ta ajiye shi a gabana, ba bayan ƙyaure ba, ta buɗe murfin.

Ta ce, “Malam, in cikinka na da wurin kihin Gummi, to shina da wurin tuwon Inna.”

Na ce mata yau ɗaya ne, abokai ne suka matsa mini. Ta ce ita ba ta tambaye ni ba. Na ce to ta taimaka yau kaɗai, gobe zan kira Gwaggo. Ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa bangon da ruwa ya ci.

“Gwiwoyina ciwo sukai,” in ji ta. “Na daɗe ban hwaɗa ba.”

Na taɓa loma biyu na kasa, don babu wuri. Da safe ta ɗauki akushin da nauyinsa ta kai bakin ƙofar Inna ta ajiye. Ina ɗaki ina ji. Na ji an ɗaga murfi, an mayar.

Kafin azahar Gwaggo ta zo. Ta zauna a zaure ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta isar da saƙo. Inna ta ce yarinyar nan ta daɗe ba ta ga iyayenta ba, ya kamata ta je ta ga gida. Kowa ya san ma'anar irin wannan ganin gida, ba a faɗin ranar dawowa. Gwaggo ta ƙara da nata: an daɗe ana faɗa ba a yarda ba, matata ta hana ni nata abincin, yanzu kuma ta raba ni da na uwata. Ta dube ni tana jira in ce wani abu. Ga Gwaggon da na yi shekaru ina cewa gobe zan kira, ga ta zaune gabana, ba sai na aika ba. Na sunkuyar da kai na ce duk abin da Inna ta ce shi ke nan.

Ni na kai matata tasha na sa ta a motar Bukkuyum tare da ƙaramar ɗiyarmu. Sai da yaran mota biyu suka kama ta kafin ta hau. Ba ta dube ni ba.

Akushi ya ci gaba da zuwa, yanzu matar ƙanena ke kawowa. Ranar farko na ci rabi na kwanta ina gumi ina jin zuciyata a maƙogwaro, ba mai gyara wurin sai ni. Rana ta biyu na zauna ina kallonsa, na duba bayan ƙyauren nan, na ga wurin da take zama har daɓen ya yi santsi. Na gwada tura loma kamar yadda take yi, a kan ƙoshi, in ji yadda abin yake. Ban kai loma biyar ba idona ya kawo ruwa. Ita ta yi wannan shekaru, kowace rana ta Allah.

Washegari da safe na ɗauki akushin da hannuna na bi ta tsakar gida, matan gida suna kallona, don ba a taɓa ganin haka ba. Na durƙusa a bakin ƙofar Inna na gaishe ta. Ta amsa wa bango. Ban tashi ba.

Na ce, “Inna, ba ni ke ci ba. Tun da na dawo daga Zariya ba ni ke ci ba.”

Na faɗa mata komai kaina a ƙasa: yankan da aka yi mini, da ƙoƙon, da bayan ƙyaure, da warwaron da maƙeri ya yanke, da maganar da na yi a Bukkuyum don a yi dariya, da kifin Gummi. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a gabanta ba, muryata ma baƙuwa ta zame mini. Da ta yi magana ba da ni ta yi ba, da tukunyar da ke gefenta ta yi.

Ta ce, “Ashe ɗiyar mutane nike ɗura ma ciwo. Ni na ɗauka yaron nan nike ciyarwa.”

Ta jawo mayafi ta rufe fuska. A nan na gane mutum biyu na cuta, ba ɗaya ba. Duk tozon da ta aika aka sayo, duk man da ta hana kanta ta zuba, magana ce take yi mini, ni kuma na bar ta tana yi wa wanda ba ya nan. Da yamma Gwaggo ta dawo da saƙo gajere: wanda ya kai ɗiyar mutane tasha ya san hanyar gidansu.

Na hau babur zuwa Bukkuyum, amma ruwa ya yi ƙarfi a makon, hanyar Gwashi ta yanke, rafuka sun cika. Aka ce ko in jira kwanaki ko in taka. Na bar babur a rumfar taubashin nan, na naɗe wando na ɗauki sanda. Rabona da tafiya mai nisa tun kafin in sayi babur, jikina kuma ya tuna mini. Laka tana riƙe takalmi, numfashi yana yankewa, cinyoyina suna gogar juna kamar dā. Na zauna ƙarƙashin kaɗanya sau da yawa. Wasu matan Fulani ɗauke da ƙoren nono suka wuce ni suna hira, sirara, ba ka jin takunsu. Na sunkuyar da kai har suka ɓace.

Surukina yana zaune a kan buzu a ƙofar gida, dattijo busasshe wanda har lokacin yake bin shanunsa da ƙafa. Ya karɓe ni da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ruwa, ya tambayi gero, ya tambayi Inna. Na gane ɗiyarsa ba ta faɗa masa komai ba, ta ce dai ta zo ganin gida. Da na so, da na ɗauke ta na tafi ba tare da ya ji wani abu ba. Na faɗa masa kamar yadda na faɗa wa Inna. Ya saurara yana jan carbi. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa ya yi da ta sauko daga kan jakin da aka ɗauko ta daga bakin hanya, sai da ya tambayi uwarta wace baƙuwa ce. Ya ce shi ya ba ni ɗiya tana tsallake rafi da ƙwarya a ka.

Aka shiga aka gaya mata na zo. Ba ta fito ba. Can sai aka miƙo nono daga cikin gida, ba a babbar ƙwaryar baƙi ba, a ɗan ƙoƙon Zariya, daidai wuyansa, ba sukari. Ban ma san ta tafi da shi ba. Na sha, na kife shi a gefen tabarma.

Surukina ya ce ta zauna tukuna sai an yi girbi, ta sha iska, ta ɗan taka ƙasa. Ban yi gardama ba. Duk ranar kasuwar Bukkuyum a daminar nan nakan ajiye babur in taka zuwa Gwashi in gaishe su in dawo, ko da hanya ta bushe motoci sun fara shiga. A rumfar masu awo na faɗi gaskiyar maganar a gaban taubashina da sauran, ba wanda ya yi dariya, amma wannan maganar ba ta bi lori ta zaga gari kamar waccan ba. Har yau akwai tsofaffi a Anka da in an ambaci matata tatsar nan suke tunawa.

Ta dawo da kaka. Ranar da ta iso, da magariba Inna ta ce wa matar ƙanena, “Ga saura nan, a kai ma waccan.” Ƙaramin kwano ne, dafaffen zogale da ɗan wake, ba mai. Haka ta riƙa aikowa kullum har ta bar duniya, kuma ko sau ɗaya ba ta sake cewa a kai wa mutanen can ba. Akushin ta wanke shi ta kife a kan rumbu. Ban sake cin abin da hannunta ya dafa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ni jikina ya koma daidai. Na sayar da babur daga baya, na riƙe ƙoƙo da tafiyar asuba, kuma mutane suna yaba mini, wai dattijo ga shi garau kamar saurayi. Matata kuwa ta rage ci, ta yi iya ƙoƙarinta, muna zagaya bayan gida tare da sassafe tana dafe da kafaɗata, amma abin da ya hau bai sauka duka ba, gwiwoyin kuma ba su dawo ba. Tun ƙarshen shekarun tamanin ɗin nan a zaune take salla. In na dawo daga masallaci da asuba kafin in ɗauki sanda, nakan tarar da ita a kan tabarma ƙafafu a miƙe, tana sunkuyar da kai a madadin sujada. Sai in tsaya a bakin ƙofa har ta sallame, in shiga in kama ta ta tashi.